Tauraro ya ce kaza, modal ya ce kaza: wa zan gaskata kan iskar ozon?

Mai_Bibiyar_Ozon ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san harkar sararin samaniya ku agaza mini, yau kwana tara ke nan ina kallon zane ɗaya a kwamfuta, har ya fara zo mini a mafarki.

Ina digiri na biyu ne. Aikin da aka ba ni shi ne in kwatanta hawa da saukar iskar ozon daga 2005 zuwa 2020 ta fuska biyu: abin da tauraron ɗan'adam ya auno, da abin da modal ɗin kwamfuta ya lissafo. Ta ɓangaren tauraro na ɗauki alƙaluman OMI, na'urar nan da ke kan tauraron Aura tun 2004. Ta ɓangaren modal kuma na sauke fayilolin ɗaya daga cikin modal-modal ɗin shirin CCMI mai kwatanta modal-modal na sinadarai da yanayi, gwajin da ake kira REF-C2. Ba wata hikima ce ta sa na zaɓe shi ba, shi kaɗai na ga shekarunsa sun rufe nawa gaba ɗaya.

Da farko har na fara murna. Da na fitar da matsakaicin kowane wata, layukan biyu kamar an tsaga kara: ozon na taruwa a can arewacin duniya wajen Maris da Afrilu, a kan ikwaita yana zaune ƙasa da DU 300 duk shekara (DU shi ne ma'aunin yawan ozon daga ƙasa har sama), Antaktika kuma tana nutsewa a Satumba da Oktoba. Sai malamin da ke duba aikina ya ce wannan kowa ya san shi, in cire zagayen shekara in nuna masa abin da ya rage, wato yadda kowace shekara ta kauce wa 'yan uwanta. Nan fa aka yi hannun riga.

A 2019 OMI ya nuna hujin ozon na Antaktika ya ƙanƙance sosai, a 2020 kuma ya dawo da girmansa har ya ƙi rufewa da wuri. Modal ɗina ko a jikinsa. Tasa 2019 shekara ce kamar kowace, ƙaramin hujinsa ma a wata shekara daban ya faɗo. A kan ikwaita akwai wani hawa da sauka mai ɗaukar shekara biyu da 'yan watanni. Dukansu suna da shi, amma a wasu shekarun suna tafiya tare, a wasu kuwa in wannan ya hau sai wancan ya sauka. Sannan daga Yuni zuwa Agusta, tsakanin digiri 60 da 90 kudu, kullum OMI yana saman modal, ratar kuma ba ƙarama ba.

Ma'auni dai na duba, duka a DU suke. Na taɓa shan kunya a nan, ranar da na jera ozon ɗin rumbun alƙaluman yanayi na ERA5 da na na'urar tauraro ta MLS ban lura ɗaya da nauyi ake lissafa shi ɗaya da yawan ƙwayoyi ba, na tafi gaban malam da bambancin kashi 66 cikin ɗari a ko'ina ina ganin na gano wani abu.

To wa ke ƙarya? In rubuta cewa modal ɗin bai iya ba, ko ni ce na sake tafka kuskure?

Injiniya_Modal ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki. Matsalolinki biyu na farko a jikin sunan fayil ɗin suke.

REF-C2 sakakken modal ne. An ɗora shi a 1960 aka ce je ka har 2100. Abin da aka ba shi guzuri shi ne adadin CFC, sinadaran nan masu ɗauke da kulorin, da sauran masu cin ozon, da iskokin da ke ɗumama duniya, da ƙarfin rana. Amma kaɗawar iska da zafi da sanyi, shi yake ƙera abinsa. Saboda haka "Satumba 2019" da kike gani a fayil laƙabi ne kawai. Satumba ce mai ɗauke da kulorin irin na 2019, amma iskarta ba ta 2019 ba ce. An ma gama gudanar da shi tun shekarar ba ta zo ba.

Me ya faru a 2019 ta gaske? A ƙarshen Agusta da farkon Satumba manyan igiyoyin iska suka taso daga ƙasa suka bugi majaujawar iskar nan da ke kewaye Antaktika a hunturu. Ta raunana, ta karkace daga mazauninta, sitiratosfiya, wato hawan samaniyar da ozon ya fi taruwa, ta yi ɗumi ba zato. Gizagizan da kulorin ke farkawa a jikinsu ya hau cin ozon ba sa haɗuwa sai sanyi ya kai kusan digiri 78 ƙasa da sifiri, to ɗumin ya kore su da wuri. NASA ta ce hujin ya tsaya a murabba'in kilomita miliyan 16.4 ranar 8 ga Satumba, mafi ƙanƙanta tun 1982. Shekarar da ta biyo baya majaujawar ta yi ƙarfi ta yi sanyi, ya kai miliyan 24.8. Tsakanin shekarun biyu kulorin bai canja da wani abin a zo a gani ba. Aikin iska ne. Irin wannan ɗumama ba kasafai take faruwa a kudu ba, wadda ta fi ta ita ce ta 2002, lokacin da majaujawar ta rabe gida biyu. Sakakken modal zai iya yin irinta, amma ba shi da dalilin yin ta a shekarar da ta faru.

Na ikwaita kuma QBO ce. Iskar sitiratosfiya a can tana juyawa, yau ta nufi gabas, can gaba ta nufi yamma, zagaye ɗaya kusan wata 28 a matsakaici. Juyin daga sama yake farawa yana gangarowa, yana canja yadda iska ke hawa, ozon ya bi. In modal ɗinki nasa yake ƙerawa, ba dole zagayen ya zama 28 cif ba. Ki ƙaddara 26 ne. Duk zagaye ya riga duniya da wata biyu, bayan zagaye bakwai ya riga ta da wata 14, rabin zagaye ke nan, sun koma kishiyoyi. Shekarunki 16 kuwa kusan zagaye bakwai ɗin ne. Ga shi ta gasken ma ta yi tuntuɓe a farkon 2016, ta sake yi tsakanin 2019 da 2020.

Yanzu ya rage naki. In so kike ki bi shekara da shekara, modal mai linzami za ki nema, wanda a kowane taku ake jan iskarsa da zafinsa zuwa ga abin da aka auna. A CCMI sunansa REF-C1SD. Illarsa a wajenki, a 2010 ya tsaya, shekara shida kacal za ku haɗu da OMI, sai dai ki ja baya da alƙaluman na'urorin tauraro na SBUV da aka harhaɗa tun ƙarshen shekarun 1970. Ko ki nemi irin su TOMCAT na Jami'ar Leeds, wanda da ma iskar da aka auna ce ke tuƙa shi.

In kuma REF-C2 za ki riƙe, ki canja tambayar. Kada ki tambaye shi ko ya san 2019. Tambaye shi girman hawa da saukarsa ya kai na duniya? Sau nawa majaujawarsa ke raunana a shekara hamsin? In QBO ta juya, DU nawa ozon ke motsawa? Amma a nan ki kula, wajen OMI da iskar da ake aunawa a Singafo za ki yi lissafi, wajen modal kuwa da iskarsa ta kansa a hPa 30 da 50 (hPa ma'aunin matsin iska ne, da shi ake nuna hawa a samaniya). Mutane da yawa nan suke faɗawa rami, su ɗora iskar Singafo kan sakakken modal su ce ba ya jin QBO.

Kuma kada in yi miki tallan linzami da yawa. An gwada, an ga modal-modal ɗin da aka ja zuwa iska ɗaya har yanzu suna saɓawa kan saurin zagayen Brewer-Dobson, wanda shi ke ɗibar ozon daga ikwaita ya kai shi gefen duniya biyu. In laifi na gaske kike nema a modal ɗinki, duba Nuwamba da Disamba. Da yawansu majaujawarsu ta cika sanyi, tana makara wajen watsewa, hujin ya daɗe fiye da kima.

Tsohon_Mai_Dobson ya rubuta:

'Yata, Injiniya ya gama da modal, bari ni in taɓa tauraron, don na ga kamar kin ɗauke shi alƙali. Na yi shekaru ina tsaye bakin na'urar Dobson, mai auna ozon daga ƙasa, ina jiran rana ta leƙo, ina juya ƙafar nan da hannu ina rubutawa a takarda, saboda haka ina da ɗan haushin yadda yaran yanzu ke sauke fayil su ce "ga gaskiya".

Tambayarki ta uku ina jin na san amsarta. Da me OMI ke gani? Da hasken rana. Hasken UV ya sauko, ya koma sama, na'urar ta duba nawa ozon ya shanye a hanya. Ranar 21 ga Yuni rana ba ta fitowa kudu da digiri 66 da rabi. To me OMI ya auna a digiri 80 a wannan watan? Babu. Buɗe fayil ɗin ki duba da idonki, ba ta cikin zane ba, za ki tarar da giɓi. In kod ɗinki yana tsallake giɓi yana ɗaukar matsakaicin abin da ya samu, to abin da kika kira "60 zuwa 90" a wajen OMI wani siririn zobe ne a bakin majaujawa, inda ozon ya fi yawa, a wajen modal kuwa har da tsakiyar duhun. Kin gwada zobe da faifai. Ki rufe wa modal ido a duk inda OMI bai gani ba, rana da rana in kina da fayilolin kullum, sannan ki kwatanta. Ki kuma tabbata kin ba kowane akwati nauyi daidai faɗinsa, don akwatin digiri 89 ɗan mitsitsi ne kan na digiri 61.

In duhun kike son leƙawa, MLS da ke kan Aura ɗin ce abokiyar tafiya. Ita ba ta jiran rana, hasken maikirowef da ozon ɗin kansa ke fitarwa take saurara, dare da rana, har digiri 82, kuma hawa-hawa take ba ki, kusan duk kilomita uku.

Sai ki san cewa babu tauraron da ya taɓa ƙirga ozon. Haske yake aunawa, sauran lissafi ne. OMI ɗin ma hanya biyu ake bi a fitar da DU daga haskensa, ta TOMS da ta DOAS, kuma in rana ta yi ƙasa sosai ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Wacce kika sauke? Ozon da ke ƙarƙashin gajimare ba ya ganinsa, cikewa ake yi da abin da aka saba samu. Tun 2007 kuma wani abu ya tare wani sashe na idonsa, matsalar ta faɗaɗa a 2009, dole ake zubar da waɗancan layukan. In kin koma ga SBUV kamar yadda Injiniya ya ce, jimillarsa mai kyau ce, amma a ƙasan sitiratosfiya yana cakuɗa fiye da kilomita goma wuri ɗaya. Kafin ki gwada shi da modal hawa-hawa, sai kin dushe wa modal ɗin ido daidai da nasa, da teburin nan da ke zuwa tare da bayanan mai nuna inda na'urar ke gani da inda take kintace.

Mu da muka ga 1985 ba ma rantsuwa da kowa. Modal-modal ɗin lokacin sun ce CFC zai ci ozon a hankali, can wajen kilomita 40. Babu wanda ya hango huji a Antaktika. Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin ne suka fitar da shi a watan Mayu, da na'urar Dobson ta tashar Halley da ke Antaktika, su ma sai da suka fara zargin na'urarsu. TOMS na asali, wani ma'aunin ozon da ke kan tauraro, yana sama tun 1978 yana kallon wurin, amma an tsara manhajarsa ta sa alamar shakku kan duk abin da ya gaza DU 180, don ba a zaci ozon zai taɓa sauka haka ba. Ana yawan cewa zubar da alƙaluman aka yi. Ba zubarwa aka yi ba, suna nan, shi ya sa a shekarar NASA ta iya nuna hoton hujin da faɗinsa ya kai nahiya. A 1986 Susan Solomon da abokan aikinta suka kawo bayanin gizagizan sanyi, sannan aka koya wa modal.

Ɗan_Kallo ya rubuta:

Afuwan manya, ni ba fannina ba ne, karatu kawai nake. Amma me zai hana ta huta da duk wannan wahala ta ɗauki MERRA-2? Na ga yana da ozon na ko'ina, kowace rana, tun 1980, babu giɓi ko ɗaya.

Injiniya_Modal ya rubuta:

Tambaya mai kyau, ɗan'uwa. MERRA-2 ba awo ba ne tsantsa, modal ne da ake ɗura wa awo. Daga Oktoba 2004 ozon ɗin da ake ɗura masa na OMI da MLS ne, kafin nan na SBUV. In ta gwada shi da OMI ta ga sun dace, mutum ne ya kalli madubi ya ce an shaide shi. In kuma ta yi amfani da shi wajen neman doguwar alkibla, sauyin na'urar na 2004 zai iya fito mata kamar sauyi a sararin samaniya. Don zana taswirar wata rana yana da daɗi ƙwarai. Mai raba gardama mai zaman kansa kuwa, sai na'urorin Dobson da Brewer na ƙasa, da balan-balan ɗin da ake saki ɗauke da na'urar ozon har sama da kilomita 30.

Mai_Bibiyar_Ozon ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Baba, wallahi kamar kana bayana lokacin da nake rubuta kod ɗin. Na buɗe fayil ɗin Yuli na zana giɓin da launin toka, sai ga Antaktika gaba ɗaya toka ce, wani ɗan zobe ne kawai mai launi a gefe. Kwana tara ina ɗaukar matsakaicin zoben nan ina zagin modal. Nauyin akwati ma ban sa ba. Da na gyara biyun, ratar hunturun ta ragu da fiye da rabi. Ta TOMS na sauke, ban ma san akwai ta biyu ba.

Yaya Injiniya, na ciro iskar modal ɗin ta hPa 30 na jera ta da ozon ɗinsa na ikwaita, suna bin juna tsaf. Ashe QBO ɗinsa lafiyarta ƙalau, agogonta ne daban. Na kuma duba Disamba kamar yadda ka ce, lallai hujinsa yana makara. Wannan kam zan rubuta shi da ƙarfin gwiwa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tunda Baba ya ambaci MLS na sauke ta, na duba ƙasan sitiratosfiya, wajen hPa 70 zuwa 100, a tsakiyar latitud. Modal yana nuna ozon na ɗan farfaɗowa sannu a hankali, yadda mutum zai zata bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta taƙaita CFC. MLS kuwa ba ta nuna mini haka ƙarara ba, hawa da sauka ne kawai, layin da na ja a tsakiya yana karkata yadda na zaɓi shekarar ƙarshe. Shi ma laifin sakakken modal ne, ko wannan karon da gaske ne?

Injiniya_Modal ya rubuta:

Kin taka inda manya ke kokawa. A 2018 William Ball da abokan aikinsa suka harhaɗa awon taurari suka ce ozon na ƙasan sitiratosfiya tsakanin digiri 60 kudu da 60 arewa bai daina raguwa ba tun 1998, kuma modal-modal ba su nuna hakan ba. A shekarar Martyn Chipperfield da nasa suka amsa da TOMCAT, suka ce mafi yawansa jigilar iska ce, ba sinadari ba, ga shi ma a 2017 ya yi tsalle ya dawo. Abin da kika gani da idonki ke nan, shekarar ƙarshe ce ke juya layin. A wannan hawa El Nino (ɗumamar tekun Fasifik) ɗaya ko QBO ɗaya ta isa ta rinjayi farfaɗowar shekara goma. Shekara 16 kuma zagayen hawa da saukar ƙarfin rana ɗaya da rabi ne kawai, ba za su ishe ki raba su da kyau ba. Ki ba da alkiblar tare da iyakar shakkunta, ki nuna yadda take canjawa in kin tsaya a 2016, ko 2017, ko 2020.

Ki yi hattara da 2020 ɗin musamman a kudu. Hayaƙin gobarar dajin Ostireliya ya hau sitiratosfiya a farkon shekarar, MLS da wata na'urar tauraro, ACE-FTS, suka ga sinadarin HCl, wanda kulorin ke ɗaure a cikinsa, ya faɗi yadda ba a taɓa gani ba a tsakiyar latitud. Ko modal mai linzami bai iya fitar da wannan ba, sai da aka gano HCl na narkewa a jikin ƙwayoyin hayaƙin ba tare da jiran tsananin sanyi ba, aka ƙara shi a lissafi. Naki kuwa bai ma san an yi gobara ba.

Mai_Bibiyar_Ozon ta rubuta:

Na gode Yaya. Na kai wa malam sabon tsarin ɗazu, ya amince in raba babin biyu, REF-C2 don girman hawa da sauka, mai linzami don bin shekaru, 2020 ta kudu kuma in ware ta ita kaɗai. Ya ce in ƙara tashar Dobson ko guda biyu, Baba ka ji an bi maganarka, zan fara da Halley da Arosa ta Suwizalan. Saura abu ɗaya: akwai wanda ya san inda zan samu fayilolin modal mai linzami da suka wuce 2010, ko sai na rubuta wa masu shi kai tsaye?